Sinadaran Ƙwaƙwalwa Dangin Ofiyom da Halin Reno a Dabbobi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo ya san cewa tunkiya ba ruwanta da ɗan da ba nata ba. Idan ya matso kusa da hantsarta sai ta sunsune shi, ta kai masa karo, ta yi gaba abinta. Tunkiyar da ba ta taɓa haihuwa ba kuwa, ko warin ruwan faya ba ta ƙauna. Amma ranar da naƙuda ta zo, al'amari yakan juya baki ɗaya. Da zarar ɗan ya faɗo sai ta juyo ta dinga lasar ruwan nan da take gudu a da, tana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa, ta tsaya cik har ya kama nono. Kafin sa'o'i 2 zuwa 4 su wuce ta riga ta riƙe ƙamshin ɗanta, daga nan kuma ba ta sake yarda da wani.

Wannan sauyi yana faruwa ne a cikin ƙwaƙwalwa, kuma sinadarai ne ke tafiyar da shi. Ɗalibai da yawa sun san sunayen wasu daga ciki, kamar istirojin da furolaktin da oksitosin. Akwai kuma wani rukuni da ba a cika ambata ba, wato sinadaran da ke aiki irin na ofiyom, waɗanda jiki da kansa yake ƙerawa. Binciken da aka fara tun wajen 1980 ya nuna cewa sinadarin da ke taimakawa wajen ɗaure uwa da ɗanta, shi ne kuma yake iya raba su. Abin da ke bambanta sakamakon shi ne yawan sinadarin, da wurin da ya sauka a ƙwaƙwalwa, da lokacin da ya sauka.

Mene ne dangin ofiyom?

Ofiyom wani ƙaro ne da ake tatsa daga ƙwanson furen wani tsiro da ake kira fofi, wanda aka daɗe ana nomawa a Asiya da Gabas ta Tsakiya. A wajen shekarar 1805 wani mai haɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace sinadarin da ya fi ƙarfi a cikinsa, wanda aka sa wa suna mofin. Kodin ma daga ƙaron nan yake. Tiramadol, wanda jama'a suka fi sani da tiramol, a masana'anta ake haɗa shi, amma wani ɓangare na aikinsa a jiki irin na mofin ne. Su duka ana ce musu dangin ofiyom.

An daɗe ana mamakin yadda ƙaron tsiro yake kashe raɗaɗi a jikin mutum. A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, da wasu masana a New York da Uppsala ta Suwidin, suka gano cewa a jikin ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan gurabu da mofin ke maƙalewa, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Waɗannan gurabu su ne makarɓa. To, tunda akwai kwaɗo, lalle akwai mabuɗinsa na asali a cikin jiki. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz suka samo shi a ƙwaƙwalwar aladu a Abadin ta Sukotilan, suka kira shi enkefalin. A 1976 kuma Choh Hao Li na Jami'ar Kalifoniya ya tace wani mafi girma daga ƙullutun fitutari na raƙuma, wanda ke ƙunshe da amino asid 31, shi ne beta-endofin. Ma'anar kalmar endofin ita ce mofin na cikin jiki.

Manyan makarɓan iri 3 ne, an ba su sunayen haruffan Girka: miyu da delta da kafa. Mofin da beta-endofin sun fi kama miyu. Akwai kuma magunguna 2, naloksan da naltirekson, waɗanda ke shiga kwaɗon su toshe shi ba tare da sun buɗe ba. Da waɗannan kaya masana suke gwaji. Idan ana son a ga abin da ƙaruwar sinadarin ke haifarwa sai a ba da mofin, idan kuma ana son a ga abin da rashinsa ke haifarwa sai a ba da naloksan.

Ɓera a ɗakin gwaji

Mafi yawan binciken da ɓera aka yi shi, domin cikinsa kwana 22 ne kawai, kuma 'ya'yansa sukan zo duniya tsirara, idanu a rufe, ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, ko fitsari ba sa iya yi sai uwar ta lashe su. Saboda haka renon ɓera yana da ayyuka 4 da ake iya ƙirgawa da agogo: gina sheƙa, ɗauko 'ya'yan da baki a mayar da su sheƙa idan sun watse, lasarsu, da kwanciya a kansu domin su sha nono.

A 1967 Jay Rosenblatt na Jami'ar Rutgers ya nuna cewa macen ɓera da ba ta taɓa haihuwa ba takan guje wa jarirai da farko, amma idan aka yi ta ajiye mata su kullum, bayan kimanin mako guda sai ta fara renonsu. Wadda ta haihu kuwa nan take take farawa. Wato dai halin reno yana nan kwance a ƙwaƙwalwa, ciki da haihuwa ne ke gaggauta tayar da shi. A 1974 Michael Numan ya gano cibiyar wannan aiki, wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa, a gaban haifotalamos, da ake kira yankin firi'oftik na tsakiya. Idan aka lalata shi, uwar takan daina gina sheƙa da ɗauko 'ya'yanta, alhali tana tafiya da cin abinci lafiya lau. A wannan maƙala za a riƙa kiran wurin cibiyar reno.

Ƙarshen ciki da naƙuda

Aikin endofin yana farawa tun kafin a haihu. A 1980 Alan Gintzler ya auna juriyar zafi ta ɓeraye masu ciki, ya ga tana hawa sosai a kwanakin ƙarshe kafin haihuwa. Da aka ba su naltirekson sai hawan ya ɓace. Ke nan jiki yana tanadar wa kansa maganin raɗaɗi kafin ranar da za a buƙace shi.

Aiki na biyu shi ne riƙe linzamin oksitosin, sinadarin da ke matsa mahaifa lokacin naƙuda kuma yake sauko da nono. Masana a Edinbara, musamman Gareth Leng da John Russell, sun nuna cewa a ƙarshen cikin ɓera endofin yana taka wa ƙwayoyin da ke fitar da oksitosin birki, ta yadda za a tara shi har lokacin amfaninsa ya yi. An kuma ga cewa idan aka ɗauke ɓera mai naƙuda aka sa ta a baƙon keji, haihuwar takan tsaya na ɗan lokaci, amma idan aka yi mata allurar naloksan sai ta ci gaba. A 1992 an sami irin wannan sakamako a aladu. Hikimar abin a fili take, domin dabbar da abin tsoro ya riska tana tsakiyar naƙuda tana buƙatar jinkiri har ta sami mafaka.

Akwai kuma al'adar cin mabiyiya, wadda yawancin dabbobi masu shayarwa suke yi, ko da masu cin ciyawa ne, ban da 'yan kaɗan irin su raƙumi. Mark Kristal na jami'ar jihar New York da ke Buffalo ya nuna tun daga shekarun 1980 cewa mabiyiya da ruwan faya suna ɗauke da wani abu da ke ƙara wa endofin ƙarfin kashe raɗaɗi. Shi kaɗai ba ya kashe zafi, sai ya tarar da endofin ko mofin a jiki, kuma sai an haɗiye shi yake aiki.

Yadda mofin ke raba uwa da 'ya'yanta

A 1982 Robert Bridges da Cornelia Grimm suka raba ɓerayen da jikinsu ya shirya wa reno kashi 3. Kashi na farko aka yi musu allurar ruwan gishiri, na biyu mofin, na uku mofin tare da naloksan. Na farko suka kama reno da wuri. Na biyu suka yi jinkiri, renon nasu kuma ya zama na jeka-na-yi-ka. Na uku kuwa ba a iya bambanta su da na farko ba. Domin kada a ce maye ne ya kwantar da su, an auna yawon da suke yi a fili, aka tarar mofin bai rage musu kuzari ba. Suna iya zuwa wurin 'ya'yan, sha'awar zuwan ce babu.

Daga nan sai aka shiga neman wurin da mofin ke yin wannan ɓarna. A 1984 Beverly Rubin da Bridges suka sa ɗan ƙanƙanin mofin kai tsaye a cibiyar reno ta uwaye masu shayarwa, nan da nan suka yi watsi da 'ya'yansu. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa beta-endofin ma yana yin haka, kuma ta makarɓin miyu yake bi. A 1987 Ronald Hammer da Bridges suka auna cibiyar reno, suka ga endofin da makarɓansa suna ƙaruwa lokacin ciki, sa'an nan su ragu lokacin shayarwa. Wannan ya dace da abin da aka gani a gwaji. Sinadarin yana da amfani kafin haihuwa, amma dole ya ja da baya a wannan cibiya kafin reno ya kankama.

Hanci ma yana da hannu. A 1990 Craig Kinsley da Bridges suka ba uwaye zaɓi tsakanin shimfiɗa mai ƙamshin jarirai da wadda ba ta da shi. Uwa mai shayarwa takan nufi mai ƙamshin, amma da an yi mata allurar mofin sai ta ƙyamace shi kamar wadda ba ta taɓa haihuwa ba.

Wani gwaji da aka buga a 2006 daga Jami'ar Sao Paulo ta Burazil ya ƙara haske. An sa wa uwa mai shayarwa 'ya'yanta da kyankyasai masu rai a keji guda. Wadda ba a ba komai ba takan tattara 'ya'yanta ta kwanta a kansu. Wadda aka ba ɗan mofin kuwa sai ta bar su ta shiga farautar kyankyasai. An gano cewa wani yanki mai launin toka, wanda ke kewaye da 'yar magudanar ruwa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, shi ne ke wannan juyi, domin da aka lalata ɓangarensa na gaba sai uwar ta koma kan 'ya'yanta duk da mofin. Masu binciken sun fassara shi da cewa a daji uwa mai shayarwa dole wani lokaci ta bar sheƙa ta nemo abinci, kuma endofin yana cikin abin da ke juya ta daga wannan aiki zuwa wancan. Mofin ya zo ne ya danne makunnin a lokacin da bai dace ba.

Inda sinadarin yake taimakawa

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce dangin ofiyom abokan gabar reno ne. Amma a 1996 Alexis Thompson da Kristal suka sa mofin a wani wuri daban, yankin tegimenta na ƙasa, inda ƙwayoyin da ke fitar da dofamin suke. Wannan yanki shi ne mafarin hanyar da ke sa dabba ta ji abu ya yi mata daɗi har ta so ta sake nemansa. Ɓerayen da ba su taɓa haihuwa ba da aka yi wa haka sun fara renon jarirai da wuri fiye da 'yan uwansu. Sinadari guda, dabba guda, tazarar 'yan milimita a cikin kai, amma sakamako biyu masu kishiyantar juna.

Tunkiya ta ƙara nuna wannan fuska. A 1983 Barry Keverne na Kambirij da abokan aikinsa na Faransa suka nuna cewa buɗewar bakin mahaifa lokacin fitowar ɗa ita ce ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Idan aka shirya tunkiya da homon, sa'an nan aka motsa hanyar haihuwarta na minti 5, takan karɓi ɗan da ba nata ba. Keith Kendrick da Keverne sun nuna a 1989 cewa idan aka zuba naltirekson a ƙwaƙwalwar tunkiya, wannan motsawa ba ta sake yin tasiri, kuma oksitosin ba ya hawa a ruwan ƙwaƙwalwa. A 1991 suka ga cewa mofin yana ƙarfafa karɓar ɗa a tumakin da suka taɓa haihuwa, amma sai an haɗa shi da motsawar. Shi kaɗai ba ya mayar da tunkiya uwa. Ke nan a tunkiya endofin abokin tafiyar oksitosin ne a daidai lokacin haihuwa, saɓanin birkin da yake zama a ƙarshen cikin ɓera.

Ɓangaren jariri

Igiyar tana da baki biyu. A 1978 Jaak Panksepp na jami'ar Bowling Green da ke Ohayo ya nuna cewa ɗan ƙanƙanin mofin, wanda bai kai ya sa barci ba, yana tsayar da kukan da 'yan kwikwiyo ke yi idan aka ware su. An ga haka a ɓeran Masar da 'yan tsaki, inda naloksan kuma yake ƙara kukan. A 1988 Elliott Blass ya nuna cewa ɗigon madara a bakin ɗan ɓera mai kwana 10 yana rage masa kuka da jin zafi, kuma naltirekson yana soke wannan. A 2004 masana a Italiya da Faransa suka gwada ƙananan ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon da ke ƙera makarɓin miyu. Jariran ba su cika kuka ba idan aka raba su da uwa, kuma ba su fifita ƙamshin sheƙarsu yadda sauran suke yi ba, amma suna kuka idan sun ji sanyi.

A birai ma haka abin yake. A 1995 Ned Kalin da abokan aikinsa a Wiskonsin suka raba uwayen birai irin resas da 'ya'yansu na ɗan lokaci, sa'an nan suka sake haɗa su. Mofin ya rage rungumar da suke yi wa juna, naltirekson kuma ya ƙara ta. A 1993 masana a Kambirij sun ga cewa uwayen da aka ba naloksan a cikin garkensu sun rage tsefe gashin 'yan uwansu da janyo 'ya'yansu jiki idan sun yi nisa. Duk ta inda aka taɓa tsarin, mu'amalar uwa da ɗa takan canza.

Yadda za a haɗa sakamakon

Misalin ƙishirwa zai taimaka. Mai jin ƙishirwa yana neman ruwa, idan ya sha ya ji daɗi, ƙishirwar ta kwanta na ɗan lokaci, daga baya ta dawo ya sake nema. Haka taɓawa da lasa da shan nono suke sakin endofin kaɗan-kaɗan a ƙwaƙwalwar uwa da ta ɗa. Daɗin yana zuwa ne ta hanyar kusantar juna, yana gushewa idan an rabu, shi ya sa kowannensu yake sake neman ɗan uwansa. Mofin da aka zuba daga waje yana cika makarɓa na dukan ƙwaƙwalwa lokaci guda, na tsawon sa'o'i, ba tare da ɗan ya yi komai ba. Sai uwar ta zama kamar wanda aka kashe wa ƙishirwa bai je rijiya ba. Abin ya zama zuma, ga zaƙi ga harbi.

Darasi ga mai kiwo da ɗalibi

Abin da tsofaffin makiyaya suke yi ya sami hujja a nan. Dabba mai naƙuda tana buƙatar wuri mai natsuwa, kada yara da karnuka su kewaye ta, kada a canza mata wuri bayan ta fara. Idan ta haihu a bar ta ta lashe ɗanta, kada a wanke shi ko a ɗauke shi a sa'o'in farko, domin a lokacin ne take riƙe ƙamshinsa, shi kuma yake shan dakashi. Idan ana son tunkiya ta karɓi maraya, lokacin da ya fi dacewa shi ne da zarar ta haihu, a shafa masa ruwan fayarta. Malami zai iya sa ɗalibai su lura da tunkiya ko akuya da ta haihu, daga nesa, su rubuta minti nawa ta yi kafin ta fara lasa, da lokacin da ɗan ya miƙe, da lokacin da ta fara korar baƙon ɗa.

Batun ya shafi mutane ma. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta a rahotonsa na 2018 cewa mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan magungunan dangin ofiyom, musamman tiramol, ba da umurnin likita ba, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na masu shan ƙwaya mata ne. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Renon ɗan Adam ya dogara da tunani da tarbiyya da imani da taimakon dangi, abin da ɓera ba ya da shi, don haka ba a ɗaukar sakamakon keji a ɗora wa mace kai tsaye. Amma makarɓin miyu iri ɗaya ne. Hanta tana juya kodin ya koma mofin, kuma waɗannan magunguna suna ƙetare mabiyiya su isa ga ɗan tayi. Jaririn da ya saba da su a ciki yakan zo da kuka mai tsanani, da makyarkyata, da gudawa, da rashin kama nono. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu shayarwa da su guji kodin da tiramadol, saboda suna shiga nono su danne numfashin jariri. Mai cikin da ta riga ta saba da su kada ta yanke sha farat ɗaya, domin hakan yana da haɗari ga cikin. Asibiti ya kamata a kai ta, ba tare da tsangwama ba. Mofin da likita ya auna ya bayar bayan tiyata kuwa magani ne mai amfani.

Kammalawa

Dangin ofiyom na cikin jiki suna rage wa uwa raɗaɗin naƙuda, suna tsara lokacin fitar oksitosin, suna taimaka wa tunkiya ta karɓi ɗanta, suna sa kusantar juna ta yi wa uwa da ɗa daɗi, suna kuma iya ɗauke hankalin uwa zuwa neman abinci idan buƙata ta taso. Kowane aiki yana da wurinsa da lokacinsa da ma'auninsa a ƙwaƙwalwa. Ƙwayar da aka saya a bakin titi ba ta san ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Ɗalibin da ya fahimci haka, idan ya sake ganin tunkiya tana lasar ɗanta a bayan gida, zai san abin da ke gudana a cikin kanta, kuma zai san dalilin da ya sa ya kamata a bar su su biyu.